Sauya Furosesa da Ƙara RAM a Kwamfutar Gem: Yadda Za Ka Gane Ko Kuɗin Zai Biya

Yawancin masu buga gem a kwamfuta, da zarar hoto ya fara tsalle-tsalle ko wasa ya fara ɗan tsayawa yana ci gaba, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne furosesa ya tsufa ko RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su a lokacin, ya yi kaɗan. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa matsalar ba nan take ba. Tun da aka saki naira ta bi farashin kasuwa a watan Yunin 2023, kayan kwamfuta, waɗanda duk da dala ake shigo da su, sun yi tsadar da ba ta barin mutum ya yi sayayya a kan zato. A ganina, sauyin yana biyan kuɗinsa ne a yanayi biyu: idan RAM ɗinka bai kai 16GB ba ko sanda ɗaya ce tilo, sai kuma idan madabod ɗinka, wato babban farantin da sauran kayan kwamfutar ke zama a kansa, zai karɓi furosesa mafi ƙarfi ba tare da an sauya wani abu ba. Abin da ya wuce haka sai an auna, sannan an yi lissafi.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a san yadda aikin ya rabu. Furosesa ne ke lissafin abin da ke faruwa a cikin wasan, wato inda ƙwallo ta nufa, abin da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa za su yi, da motocin da ke bin titi. Idan ya gama, sai ya miƙa wa katin girafik, shi kuma ya zana hoton. Kamar shagon ɗinki ne da ke da mai yanka da mai ɗinki: idan mai ɗinki ne ke nawa, ko ka kawo mai yankan da ya fi kowa sauri, yawan rigunan da za su fito a yini ba zai ƙaru ba.

Mataki na farko: san abin da ke cikin akwatinka

Sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce. Za ta nuna maka sunan furosesa, sunan madabod da lambarsa, nau'in RAM, yawan sandunan da ke ciki, da gudun da suke yi a yanzu. Rubuta duka a takarda, domin da wannan takardar za ka je kasuwa.

Idan laftof ce, maganar furosesa ta ƙare a nan, domin kusan duk laftof ɗin da aka yi a shekaru goman nan furosesansu a liƙe yake da madabod, ba a cire shi. RAM ne kaɗai ake iya ƙarawa, shi ma a wasu siraran laftof a liƙe yake. Idan kuma irin kwamfutocin ofis ɗin nan ce ta tokumbo, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, waɗanda matasa da yawa ke saya su cusa musu katin girafik, to ka sani madabod ɗinsu da akwatin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, kuma iyakar ƙarin da za su karɓa ba ta da nisa.

Mataki na biyu: auna, domin a nan ake yanke hukunci

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Sauke MSI Afterburner tare da RivaTuner da ke zuwa da shi, ka saita shi ya riƙa nuna maka a gefen allo, kana cikin wasa, adadin firam (wato hotunan da ake zanawa) a daƙiƙa, aikin katin girafik cikin ɗari, aikin furosesa, zafin kowannensu, da yawan RAM da ake ci. Sannan ka shiga wasan da ka fi bugawa, ko EA Sports FC ne, ko GTA V, ko Call of Duty, ka je wurin da ya fi ba ka matsala, kamar tsakiyar gari mai cunkoso ko lokacin da faɗa ya yi zafi. Ka kashe duk wani saitin da ke ƙayyade yawan firam kafin ka fara aunawa, in ba haka ba lambobin za su ruɗe ka.

Lambar da za ka fi zuba wa ido ita ce ta katin girafik. Idan yana aiki kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari kusan kodayaushe, shi ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma sabon furosesa ba zai ƙara maka abin kirki ba. Idan kuwa katin yana yawo a kashi 60 ko 70 alhali firam ɗin bai gamsar da kai ba, to jira yake yi, kuma mai yiwuwa furosesa ko RAM yake jira.

Kada lambar furosesa ta yaudare ka. A cikinsa akwai ƙwayoyi da yawa, kowacce tana nata aikin, kuma wasanni da dama sun fi ɗora nauyi a kan ƙwaya ɗaya ko biyu. Saboda haka za ka iya ganin jimillar aikinsa kashi 40 kawai, alhali ƙwayar da wasan ya dogara da ita ta cika maƙil.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. Rage girman hoton wasan, misali daga 1080p zuwa 720p, ka bar sauran saituna yadda suke. Idan firam ya yi sama sosai, katin girafik ne ke riƙe ka. Idan bai motsa ba ko kaɗan ya ƙaru, furosesa ne ko RAM. Dalili shi ne yawan ɗigon hoto nauyin kati ne kawai: 1080p ɗigo 2,073,600 ne a kowane firam, 1440p ɗigo 3,686,400, shi kuma 4K ɗigo 8,294,400, wato ninki huɗu na 1080p. Shi ya sa mai buga wasa a 4K ba kasafai yake amfana da sabon furosesa ba, amma mai buga wasan harbi a 1080p yana neman firam 144 ko fiye yana jin bambancin nan take.

Haka nan ka duba allonka. Allo mai 60Hz hoto 60 kaɗai yake iya nunawa a daƙiƙa, kowanne yana ɗaukar kimanin kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. Idan kana samun firam 75 a kan irin wannan allo, ka kashe kuɗi ka kai 110, idonka ba zai ga ƙarin hotuna ba. Abin da sabon furosesa ya fi gyarawa shi ne ɗan tsaikon nan da ke zuwa kwatsam, lokacin da firam ɗaya ya makara. Don haka ka kunna layin da ke nuna tsawon lokacin kowane firam: idan a miƙe yake, lafiya lau, idan yana yawan cilla tsini sama, akwai abin dubawa.

Mataki na uku: kawar da matsalolin da ba sa cin kuɗi

A Abuja, zafi da ƙura su ne abin tuhuma na farko. Hunturu yana cika raga da fankoki da ƙura, sannan daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana kan haura digiri 35, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yakan riƙe zafin har dare. Furosesa idan ya kusanci iyakarsa, wadda ke tsakanin digiri 90 da 100 gwargwadon nau'insa, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Mutanen Jos suna da sauƙi a nan saboda sanyin garinsu, amma ƙura ba ta bar kowa ba. Buɗe akwatin, busa ƙurar kana riƙe da fankoki don kada su yi ta juyawa, goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi, ka shafa sabo. Sai ka sake aunawa.

Daga nan duba gudun RAM. Sandunan DDR4 da aka rubuta 3200 a jikinsu galibi suna tashi ne a 2133 ko 2400, har sai an shiga BIOS, wato shafin saitunan madabod da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, an kunna saitin gudun RAM mai suna XMP, wanda a wasu madabod ɗin ASUS na AMD ake kira DOCP, a na DDR5 na AMD kuma EXPO. Mutane da yawa sun biya kuɗin gudun da ba su taɓa amfani da shi ba. Tabbatar kuma wayar allo a jikin katin girafik take, ba a jikin madabod ba, ka rufe burauza da sauran manhajojin da ke aiki a ɓoye. Idan har yanzu wasanninka suna kan tsohon faifan ajiya mai juyawa (hard disk), SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, shi ne ya kamata ya fara cin kuɗinka, domin yawancin manyan wasannin yanzu shi suke nema.

Mataki na huɗu: RAM

Danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager kana cikin wasa, ka duba shafin RAM. Idan abin da ake ci ya kusa cike abin da kake da shi, Windows na kwashe bayanai yana kaiwa faifai yana dawowa da su, kuma wannan kai-komon ne ke haddasa tsaiko. Daga 8GB zuwa 16GB shi ne ƙarin da na fi amincewa da shi a duk wannan harka, domin Windows da burauza kaɗai suna cinye kaso mai yawa na 8GB kafin a buɗe wasa. Daga 16GB zuwa 32GB yana da amfani ga mai buga manyan sababbin wasanni, ko mai yaɗa wasansa kai tsaye, ko mai haɗa bidiyo da kwamfutar. Wanda wasansa bai wuce ƙwallo da tsofaffin wasanni ba, ba zai ga komai ba. 64GB kuwa don gem kaɗai asarar kuɗi ce.

Yawan sanduna ma yana da tasiri kamar girmansu. Furosesan kwamfutar gida hanya biyu yake da ita ta magana da RAM, kuma sanda ɗaya hanya ɗaya kawai take buɗewa. Sanduna biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB, kuma bambancin ya fi fitowa ga wanda ba shi da katin girafik na daban, wanda hotonsa daga cikin furosesa yake fitowa, kamar Ryzen 5 5600G. A madabod mai gurbi huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu daga ɓangaren furosesa ake sakawa, amma littafin madabod ne mai magana ta ƙarshe.

DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma na laftof gajere ne, daban da na kwamfutar tebur. Idan ka haɗa sanduna masu gudu daban-daban, duka za su koma gudun mai nawa, wani lokaci ma su ƙi zama lafiya. Kwamfutocin ofis kuma galibi ba su da XMP, kuma furosesa irin i5-6500 iyakarsa 2133 a DDR4, don haka sayen RAM mai 3600 gare su biyan kuɗin banza ne. A kiyayi RAM ɗin manyan kwamfutocin kamfanoni (server) da ake sayarwa da araha, mai alamar RDIMM, domin ba ya tashi a madabod na gida.

Farashi ma ya sauya lissafin. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ke yin mafi yawan RAM ɗin duniya, kuma daga ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe kaso mai yawa na abin da ake ƙerawa. Don haka ka tambayi farashin ranar, kada ka dogara da abin da wani ya saya bara.

Mataki na biyar: furosesa, wanda soket ke yanke masa hukunci

Kowane furosesa yana da soket ɗin da yake zama, wato gurbinsa a jikin madabod, kuma amsar tambayarmu kusan duka tana nan.

Masu madabod na AM4 na AMD su ne suka fi sa'a. Wannan soket ya karɓi Ryzen tun zubin farko na 2017, har zuwa jerin 5000 da suka fara fita a 2020, kuma a 2022 AMD ta buɗe wa tsofaffin madabod irin A320 da B350 damar ɗaukar jerin 5000 ta hanyar sabunta BIOS. Wanda ke da Ryzen 5 1600 ko 2600 zai iya saka Ryzen 5 5600, ya bar madabod ɗinsa da RAM ɗinsa, kuma wutar da aka ƙayyade wa dukkansu wat 65 ce, don haka abin sanyayawar da yake da shi zai iya wadatarwa. Wannan sauyin ya cancanci kuɗinsa, matuƙar katin girafik ɗin yana da sauran ƙarfin da ba a taɓa ba. Sama da shi akwai 5800X3D na 2022 da 5700X3D na 2024, masu ma'ajiyar L3 (ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa) ta 96MB maimakon 32MB na 5600, abin da wasanni ke matuƙar so. Sai dai su wat 105 ne, suna buƙatar abin sanyayawa mai kyau da madabod mai ƙwari, kuma ba zan ba da shawarar a ɗora su a kan A320 mafi araha a ɗaki mai zafi ba. A lura cewa 5500 da 5600G ma'ajiyarsu 16MB ce, ba daidai suke da 5600 ba duk da kamannin suna.

A ɓangaren Intel hanyar gajera ce. Zubi na 6 da na 7 madabod ɗaya suke hawa, na 8 da na 9 kuma wani daban duk da cewa sunan soket ɗin ɗaya ne, LGA1151. Na 10 da na 11 suna kan LGA1200, na 12 zuwa na 14 kuma LGA1700. Mai i5-6500 iyakar inda zai kai shi ne i7 na zubi na 6 ko na 7, wanda shi ma ƙwaya huɗu ne, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, zuba kuɗi mai yawa a irin wannan na'ura bai dace ba. A ƙara mata RAM a lallaɓa, a tara kuɗin sabuwa. Mai i3-12100F kuwa yana da hanya mai kyau zuwa i5-12400F mai ƙwaya shida. Amma a yi hattara da i7 da i9 na hannu na zubi na 13 da 14: a 2024 Intel ta amince cewa wutar da ta wuce kima tana lalata wasu daga cikinsu, ta fitar da gyara ta BIOS, sai dai gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace.

Idan madabod ɗinka ya kai ƙarshensa, to ba sauyin furosesa kake magana ba, sabuwar kwamfuta ce za ka haɗa, katin girafik kaɗai ne zai saura. Soket AM5 da ya fito a 2022 da LGA1851 na 2024 duka DDR5 kaɗai suke karɓa, wato furosesa, madabod da RAM za ka saya a lokaci guda.

Mataki na shida: lissafi

Rubuta duk abin da sauyin zai ci: furosesa, RAM, madabod idan ana buƙata, abin sanyayawa, man shafawa, da ladan injiniya. Cire abin da za ka samu idan ka sayar da tsofaffin. Sai ka nemi bidiyon gwaji na sabon furosesan tare da irin katinka, a wasan da kake bugawa da girman hoton da kake amfani da shi. Masu gwaji sukan haɗa furosesa da katin da ya fi kowanne tsada don bambanci ya fito, kuma wannan bambancin ba shi za ka gani da GTX 1650 ko RX 580 ba. Ma'aunina shi ne, idan ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma bai kawar da tsaikon da ke damunka ba, a bar kuɗin. Sannan ka tambayi kanka ko wane kati wannan kuɗin zai saya, domin ga mafi yawan masu kati mai matsakaicin ƙarfi, nan ne ribar take.

Kuɗin wuta ba shi ne abin tsoro ba. Ƙarin wat 40 na awa huɗu kullum a wata guda yunit 4.8 ne, kuma ko a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, kimanin naira 1,080 ke nan. Abin dubawa shi ne ko UPS ko inbata ɗinka zai ɗauka, domin ƙaramin UPS mai 650VA abin da yake bayarwa bai kai wat 400 ba.

Mataki na bakwai: saye da sakawa

A Abuja an fi samun waɗannan kaya a shagunan Wuse 2, musamman Banex Plaza da ke titin Aminu Kano, wasu kuma daga Computer Village ta Ikeja ake aiko da su. Furosesa na hannu ba laifi ba ne, domin yana cikin kayan da ba su cika lalacewa ba, amma kada ka biya sai an gwada. Ka ce, “Injiniya, don Allah a saka shi a madabod a tayar a gabana,” sannan ka buɗe CPU-Z ka ga sunan da ya nuna ya yi daidai da rubutun da ke kan murfinsa. A AM4 allurai a jikin furosesa suke, ka karkata shi a haske ka ga babu wanda ya lanƙwashe. A Intel da AM5 a cikin soket suke. A rubuta maka lambar kayan da kwanakin garanti a rasit.

Kafin ka cire tsohon furosesa, shiga shafin kamfanin madabod ɗinka, ka duba jerin furosesan da yake karɓa da lambar BIOS da kowanne ke buƙata, ka sabunta BIOS tun tsohon yana ciki. Kada ka fara wannan aikin a kan wutar NEPA tsura, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe madabod; sai da UPS ko inbata mai caji. Idan BitLocker, wato makullin faifai na Windows, yana kunne, ajiye lambar buɗe shi a wani wuri ko ka dakatar da shi, saboda sauya furosesa kan sa ya kulle faifai. Idan madabod za ka sauya, haɗa lasisin Windows da asusunka na Microsoft tukuna.

Bar kwamfutar ta ɗan yi aiki don man ya yi laushi, kashe ta, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da ke jikinka, wadda ta fi yawa a busasshiyar iskar hunturu. Murɗa abin sanyayawa a hankali kafin ka ɗaga, domin a AM4 furosesa kan maƙale masa ya fizgo daga soket. Daidaita alamar kusurwa uku ta furosesa da ta soket, ka bar shi ya zauna da kansa ba dannawa. Ɗiga mai kamar girman ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshi bi da bi, daga kusurwa zuwa kishiyarta. Tashin farko yakan ɗauki lokaci, musamman a DDR5, don haka kada baƙin allo na ɗan lokaci ya firgita ka.

Idan ta tashi, koma BIOS ka sake kunna XMP ko EXPO tare da saitunan tsaro na TPM da Secure Boot, waɗanda wasanni irin Valorant ke nema a Windows 11. Gudanar da MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya zagaya RAM ɗin sau da yawa. Kuskure ko guda ɗaya ne, ka rage gudu ka sake gwadawa, in ya maimaitu ka mayar da sandar tun garanti bai ƙare ba. Sannan ka koma wurin da ka yi awon farko a wasan, da saituna iri ɗaya, ka kwatanta lambobin da na takardarka. Kada ka sayar da tsohon furosesa da tsohon RAM sai sababbin sun yi mako guda ko biyu suna aiki ba tare da kwamfutar ta mutu ko ta sake tashi da kanta ba.